Neman shawara: yadda zan ɗinka wa yarana shigar jaruman wasan bidiyo a gida

Maman Sadiƙ, Fadaman Mada, Bauchi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar teloli da iyayen da suka taɓa yin irin wannan aiki. Makarantar yarana za ta yi bikin ƙarshen shekara a watan Yuli, kuma an aiko mana da takarda cewa a ranar kowane yaro zai iya zuwa da shigar da ransa yake so, matuƙar ba ta saɓa wa tarbiyya ba. Na ɗauka za su zaɓi shigar likita ko ta soja kamar yadda aka saba, sai babban, mai shekara 9, ya ce shi Steve na Minecraft zai zama, mai bi masa ɗan shekara 7 ya ce Mario, ita kuwa autar, 'yar shekara 5, da ta ji haka sai ta ce ita ce gimbiyar da Mario yake zuwa ceto. Duk a wayar babansu suka san waɗannan mutane.

Na zaga Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal ban dace da irin kayan ba. Waɗanda na gani a intanet kuwa, kuɗin guda ɗaya ya isa in yi wa yaro kayan salla, ga shi ko daga hoto ana gane yadin roba ne mai ƙyalli da ba zai jure wanki biyu ba. Ina da keken ƙafa samfurin Butterfly da aka haɗo mini cikin kayan ɗaki, ina ɗinka rigunan gida ina gyaran kayan makaranta, amma ban taɓa yanka wando mai ƙirji da maɗauran kafaɗa irin na Mario ba. Abin da ya sa nake son yi da hannuna shi ne, bara na kai wa wani tela aikin shigar zaki, ya haɗa wa yaron wani ƙaton kai na soso, ko minti goma bai yi da shi ba ya fara kuka, gumi ya jiƙa shi sharkaf, aka cire aka ajiye, kuɗina suka tafi a banza.

Don Allah wane yadi ya dace, kuma yadi nawa zan saya? Yaya ake yin kan Steve mai kusurwa huɗu? Me zan yi game da gashin bakin Mario, da kuma gashin gimbiya, tunda ba na son saka wa yarinyar gashin kanti?

Baba Tela, Jekadafari, Gombe

Wa alaikumus salam, Maman Sadiƙ. Mafi yawan aikina kayan makaranta ne da na 'yan gareji, saboda haka da yaran shagona suka nuna mini hoton wannan Mario sai na ga ba baƙon ɗinki ba ne, kayan makanike ne aka ƙanƙanta. Da shi zan fara, domin a nan ne ainihin aikin keke yake.

Ki nemi kaki shuɗi irin na kayan makaranta, wanda auduga ta fi yawa a cikinsa. Idan mai faɗin inci 60 ne, yadi ɗaya da rabi zai wadatar da ɗan shekara 7 har a sami rara. Kada ki sayi yadin jins, ko da kin ga shi ya fi kama da hoton, domin inda ninki uku ko huɗu suka haɗu kekenki zai riƙa tsallake ɗinki yana karya allura, sai kin koma lamba 18, alhali kaki lamba 14 ko 16 ta ishe shi. Kafin ki biya, ki zare zare ɗaya daga bakin yadin ki kusantar da shi ga ashana: idan ya yi ƙaurin takarda ya bar toka, auduga ce, idan kuwa ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ce, ko da mai shago ya rantse. Da kin kawo gida ki jiƙa shi ya kwana, ki shanya, ki goge, sannan ki sa almakashi, saboda auduga takan tsuke a wankin farko.

Wajen yanka, wandon makarantarsa da ya yi masa daidai shi ne malaminki. Ki juya shi, ki cusa ƙafa ɗaya cikin ɗaya, ki shimfiɗa a kan tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, ki zagaye da alli, ki ƙara inci ɗaya ko'ina saboda ɗinki, a ƙasan ƙafa kuma inci biyu saboda kalmasa. Ki zana gaba daban, baya daban, domin bayan wando ya fi gabansa zurfi. Duk wanda ya yanka su iri ɗaya, yaro yana durƙusawa ɗinkin zai ɓarke, kuma wanda ya zama Mario ai tsalle zai wuni yi. Ƙirjin ba wani abu ba ne illa ƙyalle mai kusurwa huɗu, kamar inci takwas tsawo takwas faɗi, ninki biyu, a goge gam (ƙyallen nan mai tauri da teloli suke mannawa da dutsen guga) a tsakani don ya tsaya, a haɗa shi da ƙugun gaba. Roba a bayan ƙugu kaɗai za ki sa. Maɗauran ki yanka su faɗin inci huɗu ki ninke, ki auna daga ƙugun baya ta kan kafaɗa zuwa ƙirji, ki ƙara inci uku saboda girman yaro, kuma lallai su gitta juna a baya, in ba haka ba zamewa za su riƙa yi.

Akwai abin da masu kallon hoto ba sa tunawa, wato shiga bayan gida. Manyan maɓallan nan guda biyu masu launin ruwan ɗorawa ki bar su a matsayin ado, ki ɗinke su a saman maɗauri, amma abin da zai riƙe ya zama maɓallin latsawa a ƙarƙashi, wanda yaro zai ɓalle da kansa ba sai ya nemi malama ba.

Jar rigar ciki kada ki wahalar da kanki, ki samo ta a gwanjo, mai dogon hannu wadda ba rubutu. Yadi mai miƙewa ba ya shiri da keken da miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ya iya, yaro yana zura kai zaren zai tsinke. Hula ma jar hana-salla ta isa, ki yanka farin ƙyalle zagayayye, ki ɗora jan harafin M a kai, ki kama da allurar hannu.

Rigar gimbiya kuwa kin riga kin iya, doguwar rigar yara ce mai tattara a ƙugu. Idan kin ga dole sai satin saboda sheƙi, ki yi mata shafi da auduga, kuma tsawon ya tsaya a saman idon sawu.

Ɗan Gwallameji, Bauchi

Anti, ni ban iya ɗinki ba, amma na girma ina buga waɗannan wasanni, kuma akwai abin da nake ganin zai rage miki aiki da kashe kuɗi. Mario na kamfanin Nintendo ne na ƙasar Japan, Shigeru Miyamoto ne ya ƙirƙire shi, ya fara fitowa a wasan Donkey Kong a 1981, sannan ya shahara da Super Mario Bros. a 1985. Na'urorin wancan lokaci ba sa iya nuna ƙaramin mutum dalla-dalla, saboda haka aka sa masa hula don kada a sha wahalar zana gashi, aka yi masa gashin baki don fuskar ta fito ba sai an zana baki ba, aka kuma bambanta launin riga da na wando don a ga motsin hannuwansa idan yana gudu. Ke nan tun asali an tsara shi ne don a gane shi daga nesa da 'yan alamu kaɗan. Jar hula mai harafin M, shuɗi a kan ja, maɓallai biyu, gashin baki da farar safar hannu, idan waɗannan suka haɗu babu yaron da zai tambayi ko wane ne. Ba a buƙatar ƙaton kai ko ƙaton hanci ko cusa matashi a ciki. A wasan farko ma wandon ne ja, rigar shuɗiya, daga baya aka juya su, amma ki bi na yanzu, domin shi yara suka sani.

Gimbiyar sunanta Peach, ita ma a wasan 1985 ta fara fitowa. Rigarta ruwan hoda ce mai kumburarrun hannaye gajeru, da ƙyalle mai duhun ruwan hoda a gefe biyu na ƙugu da kuma ƙasan riga, da shuɗin dutse zagayayye a ƙirji, da doguwar farar safar hannu, da ɗan ƙaramin kambi ruwan zinariya mai duwatsu ja da shuɗi. Shuɗin dutsen nan na ƙirji kada ki manta da shi, shi ne yake raba ta da sauran gimbiyoyin da za su cika wurin.

Steve shi ne mafi sauƙi a jiki, mafi wuya a ka. Minecraft na kamfanin Mojang ne na ƙasar Suwidin, an fitar da cikakkensa a 2011, Microsoft ya saye shi a 2014, kuma komai a cikinsa da tubala masu kusurwa huɗu aka gina shi. Jikin Steve riga ce mai gajeren hannu, launinta tsakanin sararin samaniya da kore, da shuɗin wando mai duhu da takalmi ruwan toka, waɗanda wataƙila ma kina da su a gida. Fuskarsa gida takwas ce tsaye, takwas kwance, gida 64 ke nan. Idan kin sami kwali mai inci 12 kowane ɓangare, ki ja layi da rula, kowane gida zai zama inci ɗaya da rabi. Ki sayi takardu masu launi a wajen masu sayar da littattafai, ruwan ƙasa mai duhu don gashi, mai haske iri biyu don fata, da fari da shuɗi don ido, a yanka su daidai girman gida, shi Sadiƙ ɗin ya buɗe hoton a waya ya riƙa ƙirga gidajen yana liƙawa. Ya fi ki sanin inda kowane launi zai zauna, kuma idan an karkace gida ɗaya abokansa za su gani. A huda inda idanunsa za su kasance, a liƙa tsohuwar hula a ciki ta sama don kwalin ya riƙa juyawa tare da kansa. Sauran kwalin a yanka masa diga, ninki uku a manne, domin ba a cika ganin Steve hannu rabbana ba.

Malama Mai Aji Biyu, Tumfure, Gombe

Maman Sadiƙ, sannu da ƙoƙari. Ni malamar firamare ce, kuma a irin wannan biki mu ne muke riƙe da yaran bayan iyaye sun zauna a kujerun baƙi, saboda haka zan ɗan saɓa wa ƙanena na Gwallameji game da kwali. Bayaninsa na gidaje daidai ne, amma rufaffen kwali a kan yaro shi ne dai kan zakin bara, an sauya masa kaya ne kawai. Watan Yuli tsakiyar damina ne, zafin bai kai na Afrilu ba, amma akwai gumi, ɗakin taro a cike yake, idan aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, yaron da ke cikin kwali shi zai fara galabaita. Ga shi ta ƙananan huji biyu gabansa kaɗai yake gani, ba ya ganin matakala ko ƙaramin yaron da ke gefensa. Idan an yi ruwa a hanya kuma kwalin laushi zai yi, takardun su ɗaɗɗaye. Shawarata a cire bayan kwalin da ƙasansa gaba ɗaya, a faɗaɗa wurin ido ya zama tsaga ɗaya doguwa a rufe ta da baƙar raga irin ta gidan sauro, a ɗauko shi cikin leda, kuma kada ya sa shi sai lokacin hawa dandamali da ɗaukar hoto. Kada ya tsallaka titi da shi, kada ya hau Keke Napep da shi. Idan an yi amfani da fentin feshi, a yi a tsakar gida, a bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku.

Gashin baki ki zana masa da jagira, ya fi komai sauƙi, kuma da man shafawa ake goge shi. Kada a liƙa ƙyalle a fata da gam mai kama ƙarfe, na taɓa ganin yaron da aka yi wa haka, cirewar ta zo da fatar leɓe. Kwallin dutse ma a bar shi, domin an sha samun dalma a cikinsa, wurin kuma dab da baki yake, yaro zai lasa.

Gashin Peach ruwan ɗorawa ne dogo, to ƙaramin hijabi ko ɗankwali mai wannan launi zai tsaya a madadinsa, a ɗora kambin a kai, ba ruwanki da gashin kanti da ƙaiƙayinsa. Kada ki sa igiya ko zariya a wuyan kowanne daga cikinsu, kuma ki ja wa autar kunne game da kyandir ɗin kek da murhun masu dafa abincin biki. Auduga ma tana cin wuta, amma satin na roba narkewa yake yi ya manne a jiki, wannan ne ya sa ƙunarsa ta fi muni.

Kawu Na Azare

'Yata, ni ban san waɗannan wasanni ba, kuma da farko na so in ce me ya kai yaranmu kwaikwayon mutanen cikin waya. Amma da na tuna yadda muke yi muna yara, idan azumi ya kai kwana goma mu fita tashe da gemun auduga da rawanin tsumma da sandar kara, sai na ga ɗabi'ar yaro ɗaya ce, abin da yake gani shi yake kwaikwayo. Bambancin kawai shi ne mu da kanmu muke haɗa kayanmu, ba wanda ya saya mana. Saboda haka ki ba su aiki, kada su zauna suna jiran ki gama. Abu na biyu, akwai gidajen da ba sa son tufafi masu hoton fuskar abu mai rai, musamman idan yaro zai shiga masallaci da su. Kayan Mario da na yarinyar ba fuska a jikinsu, launi ne da yanka, sai dai kwalin, wanda shi kuma ba tufa ba ne. Duk da haka ki yi shawara da maigidanki kafin ki fara, idan yana da ja a kai a tambayi malamin da kuka amince da shi.

Baba Tela, Jekadafari, Gombe

Na yarda da Malama a kan buɗe bayan kwali, sai dai in ƙara cewa idan an cire baya da ƙasa kwalin zai rasa ƙarfi, don haka a manna siririn kara ko ninkin kwali a kusurwoyin ciki, bakin da zai taɓa wuya kuma a bi shi da ƙyalle.

Na manta ban yi bayanin hannun rigar gimbiya ba. Ki yanka hannun ya ninka faɗin da kika saba sau biyu, ki bi samansa da dogon ɗinki layi biyu ba tare da kin ɗaure bakin zare ba, ki ja zaren ƙasa a hankali har tattarar ta zo daidai da hammatar riga, a bakin hannun kuma ki zura siririyar roba wadda ba za ta shata a damtsenta ba. Idan kina son ya tsaya a kumbure, ki sa ɗan yankin raga mai tauri tsakanin satin da shafi, ba a kan fata ba. Kambi kada a yi shi da waya ko gwangwani. Ƙyalle ruwan zinariya ninki biyu da gam mai kauri a tsakani ya isa, duwatsun a yanka su daga jan ƙyalle da shuɗi, a kama kambin a jikin hijabin da zare wuri huɗu, ba da allurar hijabi ba. Harafin hula da manyan maɓallan ma ki kama su sama-sama, ta yadda bayan biki za ki warware su, yaro ya ci gaba da sa wandonsa zuwa gidan kakanni.

Maman Sadiƙ, Fadaman Mada, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kawu, na yi magana da babansu, ya amince, har shi ya samo kwalin a wajen wani mai shagon kayan masarufi. Baba Tela, na sami kakin a Wunti, na gwada shi da ashana a gaban mai shagon yana dariya, kuma toka ya bari. Wandon ya haɗu, sai dai na yi kuskuren da kuka yi gargaɗi a kai, zurfin bayan bai isa ba, dole na ƙara masa baki a ƙugu, amma maɗauran sun rufe wurin. Jar rigar gwanjon da na jiƙa ta zuba sosai, Allah ya sa ita kaɗai ce a bokitin, farar safar tana gefe.

Sadiƙ ya liƙa fuskar da gefe ɗaya, ya ƙi yarda kowa ya taɓa, har ya ɗaye gida uku da ƙaninsa ya liƙa, wai an sa launin gashi a wurin fata. Bayan kwalin a buɗe yake kamar yadda Malama ta ce, ko da yake sai da muka kai ruwa rana kafin ya yarda.

Saura abu ɗaya. Na nemi farar safar hannu ta yara ban samu ba, sai irin ta 'yan fareti wadda ta yi wa ɗan shekara 7 yawa, yatsun suna reto. Baba Tela, in rage kowane yatsa da allurar hannu ta ciki, ko kuwa in zana hannunsa a kan tsohuwar farar singileti in yanka sabuwa, tunda kun ce kekena ba ya shiri da yadi mai miƙewa? Doguwar ta gimbiya na yi tunanin in yanke ƙasan farar safar ƙafa in huda wurin babban yatsa, amma ban sani ba ko bakin zai warware idan ba a kalmashe ba.